Baƙo Mai Saukar Baƙo: Muryar da Rubutun Zubenmu Ya Bari a Baya

Rubutun zube na Hausa ya tashi ne da sandar matafiyi a hannu. Duk wanda ya bi littattafan da aka gina manhajar adabinmu a kansu zai tarar da tauraronsu kusan kullum a kan hanya: ya bar gida, ya shiga garin da bai san kowa ba, ya yi sallama a wata ƙofa, an ba shi ruwa da wurin kwana, gari ya waye ya ƙara gaba. Wannan matafiyi mun san shi ciki da waje. Mun san yunwarsa da mamakinsa da wayonsa. Wanda ba mu sani ba shi ne mutumin da ya buɗe masa ƙofa, musamman idan shi ma mai ƙofar ba ɗan garin ba ne. Ina nufin Bahaushen da zama ya kama shi a wata ƙasa, ya kama haya ko ya yi gini, sannan 'yan'uwa da abokai suka riƙa tasowa daga gida suna sauka a wurinsa. Shi nake kira baƙo mai saukar baƙo. Abin da nake son nunawa a wannan maƙala shi ne rubutun zubenmu ya bar mutumin nan ba baki, kuma tarbiyyarmu ta kunya ce ta jawo haka, sannan ƙagaggen labari ne wurin da zai iya magana ba tare da mutuncinsa ya zube ba.

Alƙalami a hannun baƙo

Cikin tsofaffin labaran rayuwa da muke da su a rubutun boko akwai na Dorugu, yaron nan ɗan ƙasar Damagaram da ya yi wa Bajamushe Heinrich Barth hidima, ya bi shi Turai a 1855. A Ingila ya zauna wurin wani ɗan mishan mai suna J. F. Schön, yana ba da labari Schön yana rubutawa, har abin ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu baƙo ne mai kaifin ido, wanda ko yadda Turawa ke zama cin abinci bai wuce shi ba. Amma duk zamansa a can shi ake yi wa masauki. Yaro ne a hannun wasu, ba shi da ƙofar da wani zai yi wa sallama.

Littattafan da suka fito daga gasar ƙaga labarai ta 1933, wadda Rupert East ya jagoranta daga Zariya, su ma wannan hanya suka bi. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam akwai mai masauki tun daga farko, domin Alhaji Imam ne ya karɓi Koje Sarkin Labari a gidansa. Sai dai a garinsu yake, cikin wadata, kuma da ya buɗe baki abin da ya cika littafin shi ne labarin nasa baƙuncin, gari bayan gari, shi da Malam Zurƙe. An ba mai gida dama ya yi magana, ya yi ta a matsayin baƙo. Da Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilimi. Malam Aminu Kano shi ma ya bar mana Motsi Ya Fi Zama. Ko sunayen littattafan biyu sun isa shaida: albarkar a tafiya take, mai zama wuri ɗaya ba shi da labari. Mai masaukin tawaga irin ta 1943 kuwa hukuma ce, mai jadawali da kasafi. Hukuma ba ta kwana a ƙasa don baƙo ya hau gado, saboda haka ba ta da zuciyar da marubuci zai leƙa.

Littafin da ya fi kusantar abin da nake nema shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934. Ga Bahaushe da aka raba da gida tun yana ƙarami, Balarabe Abdulkarim ya kai shi Ber Kufa a ƙasar Masar ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya yi karatu har ya zama malami. Wato dai ya zauna, ya yi saiwa. Ga kuma mahaifiyarsa ta baro gida ta shiga sahara don ta gan shi. Duk kayan da ake bukata don gina labarin ɗa mai saukar uwarsa a baƙuwar ƙasa sun haɗu. Da wane harshe zai gaishe ta a gaban mutanen da suka san shi da Larabci? A wane matsayi zai shigar da ita gidan da ya rene shi, a zamanin da ake kai mata irinta kasuwa? Marubucin bai bar ziyarar ta kai ga ƙofa ba. An yaudari uwar a hanya, ta faɗa cikin bauta, suka haɗu a ƙasar da yau ake kira Libiya, ta gan shi, ba da jimawa ba ta cika. Ban ɗauki wannan a matsayin rauni ba, domin jigon littafin shi ne ɓarnar cinikin bayi da haƙurin mai imani, kuma rasuwar uwar ta yi wa jigon aiki. Abin lura dai shi ne, a wurin da adabinmu na farko ya fi kusa da kai uwa gidan ɗanta a ƙetare, bai bari ɗan ya shimfiɗa mata tabarma ba.

Mutumin yana nan a tarihi

Wani zai ce marubutan ba su rubuta shi ba ne don babu shi a zamaninsu. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Fataucin Hausawa na nesa a kan masu masauki ya tsaya. Ayarin da ya tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro ba ya isa Salaga ya kwana a fili. Akwai mai gida, ko fatoma, ɗan'uwa da ya riga su zama a can, wanda zai ba su ɗaki da abinci, ya ajiye musu kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya musu idan rigima ta tashi. Zangon Kumasi a kan haka ya ginu, haka ma unguwar Sabo ta Ibadan da aka kafa a 1916. Binciken da Abner Cohen ya wallafa a 1969 a kan Sabo ya nuna yadda cinikin shanu da goro ya rataya a wuyan waɗannan masu gidaje, waɗanda ke ciyar da baƙi kuma su lamunce musu bashi.

Ta gabas ma haka abin yake. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira har gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan, kuma garin da suka kafa yana amsa sunansa har yau. Masu tafiya hajji a ƙasa sun riƙa yada zango a irin waɗannan garuruwa, wani ya yi wata, wani ya yi shekaru yana aikin auduga a Jazira don ya tara guzuri. Kowane ɗayansu a ɗakin wani ya fara kwana. A Makka da Madina da Jidda kuwa akwai Hausawa mazauna da kowace shekara gidajensu ke cika da dangi da 'yan garinsu. Masana tarihi da nazarin al'umma sun ƙirga gidajen mutumin nan da shanunsa da basussukansa. Abin da ke ransa da daddare, bayan baƙi sun yi barci, wannan aikin adabi ne, kuma shi ne ba a yi ba.

Kunya ta ɗaure bakin mai gida

A ganina dalilin shirun yana cikin ɗabi'ar da muke alfahari da ita. Bahaushe ya ce baƙonka annabinka, ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ma'anar ta biyun tana da nauyi fiye da yadda muke ɗauka: an ɗora wa mai gida aikin sarrafa fuskarsa. Ko tukunya ta yi ƙasa, ko aljihu ya bushe, fuskar nan ba ta da izinin nunawa. Baƙo yana da 'yancin ba da labari idan ya koma, ya yaba ko ya kushe. Mai gida kuwa da zarar ya ambaci abin da ya kashe, ya yi gori, mai gori kuma ya ɓata ladansa ya zubar da girmansa. Addini ya yi adalci a nan fiye da al'ada, domin hadisi ya yanka wa liyafa kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ne, ya kuma hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Amma wane Bahaushe ne zai dubi yayan mahaifinsa ya tuna masa da kwana uku? Karin maganar da ke cewa baƙo raɓa ne tana lallashin mai gida ya yi haƙuri, rana za ta fito.

Ko waƙar baka, wadda ta cika da yabon masu kyauta da masu buɗaɗɗen zaure, daga bakin wanda aka saukar take fitowa. Mawaƙi baƙo ne shi ma. Yana ganin mai gida daga waje, cikin babbar riga, yana miƙa hannu. Saboda haka siffar mai masauki da adabinmu ya gada guda biyu ce: karimi da ake yi wa kirari, da marowaci da ake yi wa zambo. Tsakanin waɗannan biyu akwai mutum na gaske, mai son baƙonsa da zuciya ɗaya kuma mai ƙirga kwanakin da suka rage masa, wanda ba kirari ba zambo da zai iya ɗaukarsa.

Abin da wani adabi ya yi da shi

Don a ga cewa mutumin nan zai iya riƙe littafi sukutum, ya isa a dubi The Lonely Londoners na Sam Selvon, marubuci ɗan tsibirin Tirinidad, wanda ya fito a 1956, shekara takwas bayan jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke 'yan yankin Karebiyan a Ingila. Tauraron littafin, Moses Aloetta, ya daɗe a Landan, kuma labarin ya buɗe ne da fitarsa cikin sanyi zuwa tashar jirgin ƙasa ta Waterloo don ya tarbi wani saurayi da bai taɓa gani ba, kawai don wani aboki ya rubuto masa wasiƙa daga gida. Yana tafe yana mita, amma ya je. A tashar ya haɗu da Tolroy, mutumin Jamaika, wanda ya zo tarbar mahaifiyarsa ita kaɗai, sai ga ta ta sauko da wata dattijuwar dangi da wasu ma'aurata da yara. Akwai kuma Cap, ɗan Nijeriya da aka turo karatun lauya ya cinye kuɗin, ya koma rayuwa a kan abokai, Moses na cikinsu.

Abin da Selvon ya yi wanda nake so marubutanmu su lura da shi bai wuce zaɓen wurin tsayawa ba. Ya tsaya a bayan idon mai tarba. Daga nan ne mai karatu ke ganin abubuwa biyu a lokaci guda: nauyin da baƙi ke ɗora wa mutumin da shi ma da ƙyar yake biyan haya, da kuma yadda ɗan ɗakinsa na Bayswater, inda samarin ke taruwa kowace Lahadi, ya zama abin da ke riƙe da shi kansa. Moses yana ƙorafin sun dame shi, amma in ba su, ba shi da wanda zai yi wa magana da harshen gida. Selvon bai mai da shi waliyyi ba, bai kuma mai da shi marowaci ba. Ban kawo wannan misali don a kwaikwayi salonsa ba, domin tarihin mutanensa daban ne da namu. Na kawo shi ne don ya tabbatar da cewa mai zama wuri ɗaya yana da labari, idan aka san ta ƙofar da za a shiga.

Kayan da ke jiran marubuci

Littattafan zamani da finafinanmu suna yawan kai taurarinsu ƙasashen waje, sai dai sau da yawa ƙasar wajen ado ce kawai. Saurayi yana karatu a Landan ko Dubai, iyaye sun hau jirgi sun je ganinsa, an tarbe su da mota an kai su katafaren gida, labarin soyayya ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ba a tambayi wanda ya biya ba, ba a tambayi inda kowa ya kwana ba. Alhali rikicin da marubuci ke wahalar ƙirƙirowa yana nan kwance a cikin waɗannan tambayoyi.

Na farko, baƙunci a yau sai ya bi ta hannun hukuma. A Faransa mai son saukar ɗan'uwansa yakan je ofishin magajin gari ya karɓo takardar shaidar masauki kafin baƙon ya nemi biza. A Jamus sau da yawa sai ya sa hannu a takardar ɗaukar nauyi, wadda ke ɗora masa kuɗin zaman baƙon har da na asibiti. Bizar ziyara ta ƙasashen Schengen kwana 90 ce cikin kowane kwana 180, ta Birtaniya kuwa takan kai wata shida. Hadisi ya ce kwana uku, biza ta ce wata shida, tsadar tikiti kuma ta hana a ce wa mutum ya zo ya yi mako guda. Idan baƙo ya ƙi komawa, sunan mai gida ne a rubuce. Ko tsarabar da ke ɗaure zumunci ba ta tsira ba, domin Birtaniya ta hana matafiyi daga ƙasashe irin namu shigo da nama da kayan madara. Kilishi da man shanun da uwa ta tanada wata da watanni suna iya ƙarewa a hannun jami'in kwastan, ta iso gidan ɗanta tana jin kamar hannu rabbana ta zo.

Na biyu, ginin kansa. Gidan Bahaushe ya san baƙo tun daga tsarinsa: ga zaure, ga shigifa, ga ɗakin baƙi nesa da cikin gida, kowa da iyakarsa. Gidan haya mai ɗaki biyu a saman bene ba shi da zaure. Suruki da matar ɗansa, waɗanda a gida sai su yi kwanaki ba su haɗa ido ba, yanzu bayi ɗaya suke shiga, a falo ɗaya suke wuni. Aikin da a gida ake raba shi tsakanin matan gida da 'yanmata da maƙwabta ya koma kan mace ɗaya, wadda wataƙila ita ma da asuba take fita aiki. Idan mai masauki namiji ba shi da baki a adabinmu, matarsa ko inuwarta ba a gani ba, ga shi kuwa ita ce ke tsaye a gaban murhu.

Na uku, juyewar girma. Ziyarar da ta fi yawa ita ce ta uwa da ta zo wankan jego. A gida ita ce mai faɗa a ji, ita ta san ganyen wanka da kunun kanwa da kwana arba'in. A can kuwa ba ta jin harshen, ba ta san hanya ba, ungozomar asibiti tana faɗin wani abu dabam, kuma ko ƙofa ba ta iya fita sai an raka ta. Uban da a garinsu shi ake jira a sahun gaba, yanzu sai ɗansa ya samu hutun aiki zai kai shi masallacin Juma'a. Uwar da kunya ta hana ta kiran sunan ɗan farinta, yau shi ne bakinta da idonta. Mai gida yana kallon iyayensa sun ƙanƙance a gabansa, kuma shi ya gayyato su.

Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, shi ne rufin asiri. Mazaunin ƙetare ya daɗe yana rayuwa a gida ta hanyar hotuna da kuɗin da yake aikowa. Baƙo kuwa shaida ne, gani ya kori ji. Zai ga irin aikin da ake yi, da girman ɗakin, da yaran da ake yi wa Hausa suna amsawa da wani harshe, kuma zai koma da abin da ya gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma yau ga wani ya kwana a ƙarƙashin yoyon. Saboda haka mai gida yakan ci bashi don ya tabbatar da labarin da ake bayarwa a kansa, baƙon kuma ya koma ya ƙara wa labarin gishiri, wani ya ji ya ɗaura niyyar zuwa.

Kada a ɗauka ina kiran a rubuta littafin ƙorafi ne. Wanda ya rubuta wahalar kaɗai ya faɗi rabin gaskiya. Baƙon nan shi ne ke shigo da gida cikin ɗakin: ƙamshin daddawa, labarin wanda ya yi aure da wanda ya rasu, tatsuniyar da kaka za ta yi wa jikan da bai taɓa jin ta ba. Zumunta a ƙafa take, kuma wanda ke nesa ya fi kowa sanin haka. Mai masauki yana bukatar baƙonsa kamar yadda baƙon ke bukatarsa, ranar rakiya kuma sauƙin da ya ji da kewar da ta kama shi tare suke zuwa.

Kammalawa

Na bi sawun baƙo daga Dorugu zuwa Shaihu Umar, na nuna cewa mai saukarsa a ƙetare tsohon mutum ne a tarihinmu amma sabo ne a adabinmu, na kuma danganta shirunsa da kunyar da ta mai da maganarsa gori. A nan ne ƙagaggen labari ya fi kowane nau'in magana amfani. Abin da mutum ba zai faɗa da bakinsa a gaban dangi ba, tauraron labari zai iya tunaninsa a kan takarda, mai karatu ya ji, ba wanda ya ci mutuncin wani. Baƙon da ya karanta zai san abin da fuskar mai gida ta ɓoye masa, mai gida kuma zai san ba shi kaɗai ba ne.

Marubucin da zai ɗauki wannan aiki ba ya bukatar aljani ko gadon miliyoyi. Ya ishe shi ya tsaya a daren da baƙuwa za ta koma, a falon da ta yi wata uku tana kwana, ɗanta ya durƙusa yana auna akwati don kada ya wuce kilo 23, cike da tsarabar da ya saya da bashi, ita kuwa tana lissafa masa sunayen waɗanda ba a saya wa komai ba tukuna. Ya gaya mana abin da ke zuciyar ɗan, da abin da ke zuciyar matarsa da ke jin su daga ɗaki, da abin da uwar ta gani tun makon farko ta yi shiru.